Shawara Ɗaukar Ɗaki: Tarihin Sufurin Cikin Birnin Kano da Gurbin Jama'a a Tsarinsa

1.0 Gabatarwa

Ranar Laraba, 30 ga Nuwamba, 2022, mazauna unguwannin da ke gefen titin Gwarzo da titin Haɗeja a Kano sun wayi gari da sabuwar doka. Hukumar KAROTA, wadda ke kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar, ta sanar da cewa daga wannan rana an hana babura masu ƙafa uku, waɗanda aka fi sani da Adaidaita Sahu, bin wasu manyan hanyoyi guda 2. Ta farko ita ce wadda ta tashi daga Tal'udu ta miƙe zuwa Gwarzo. Ta biyu kuma ita ce wadda ta tashi daga titin Ahmadu Bello, ta bi ta Mundubawa, ta nufi Gezawa. Hujjar gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ita ce ta tanadi manyan motocin bas 100 da tasi 50 da za su maye gurbin baburan. Da hantsi ya yi, sai ga ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa cirko-cirko a bakin titi, domin motocin da suka fito ba su isa kwashe su ba. Ba a cika kwana 2 ba gwamnati ta dakatar da dokar.

Lamarin gajere ne, amma saiwarsa tana da zurfi. Wannan muƙala za ta bi diddigin yadda sufurin cikin birnin Kano ya samu siffarsa tun kafin zuwan Turawa har zuwa wannan rana, tare da duba tambaya guda a kowane zango: wa ya yanke shawara, kuma a wane lokaci aka ji ta bakin masu bin hanyar? Abin da tarihin ya nuna shi ne, Kanawa ba su taɓa rasa ta cewa a kan sufurinsu ba. Sai dai galibi akan saurare su ne bayan an riga an zartar da hukunci, a lokacin da muryar tasu ta riga ta koma yajin aiki ko bijirewa. Hausawa kuwa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce, wato aiki ne da ba ya yiwuwa sai kowa ya sa hannu tun kafin a ɗaga.

2.0 Birnin Ƙafa da Jaki

Tsohon birnin Kano an gina shi ne daidai da tafiyar ƙafa. Tarihin sarakunan Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ya kuma danganta kafa Kasuwar Kurmi ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hanyoyin birni sun taso ne daga ƙofofi, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Na'isa, suka tattaru a kasuwa da fada da masallacin Juma'a. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ziyarci birnin a 1851, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000. Jaki da doki da raƙumi da ɗan dako su ne ababen sufuri, kuma faɗin lungu bai wuce abin da jaki mai ɗauke da mangala zai ratsa ba.

A wannan tsari, mai hukunci a kan hanya yana kusa da mai bin ta. Kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa. Idan wani ya cinye hanya da gini, ko kwata ta toshe, ana kai magana wurin mai unguwa, wanda shi ma a wannan lungun yake kwana. Gyaran ganuwa da yashe magudanan ruwa kuwa aikin gayya ne. Ko a doguwar tafiya ta fatake zuwa Gwanja neman goro, ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, kuma madugun da bai iya tafiya da ra'ayin manyan ayarinsa ba, ba zai sake samun mabiya ba. Bai kamata a ƙawata wannan zamani fiye da kima ba, domin bayi da mata da talakawa da yawa ba su da wurin zama a zauren da ake yanke magana. Abin lura kawai shi ne kusanci: wanda ya yanke shawara yana ganin sakamakonta a ƙofar gidansa.

3.0 Jirgin Ƙasa da Rabuwar Gari

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903. A 1911 layin dogo da ya taso daga Baro ya iso, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa nan take. An kafa tashar jirgin a wajen ganuwa, ta gabas, kuma a kewayenta sabon gari ya tsiro: kantunan kamfanonin Turawa da na Kwara, Sabon Gari da aka keɓe wa baƙi daga kudu wajen 1913, da unguwannin Turawa a Nassarawa da Bompai. Dokar garuruwa ta 1917 ta wajabta barin fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa.

Daga nan ne nisa ya shigo rayuwar Bakano. Wurin kwana yana cikin birni ko Fagge ko Gwagwarwa, wurin aiki kuma yana tasha ko kanti ko masana'antun Bompai. An zana manyan tituna ne domin fitar da gyaɗa da fata da auduga zuwa tashar jirgi, kuma an zana su a ofisoshin da talaka ba ya shiga. Bayan samun 'yancin kai ma salon bai sauya ba. Babban tsarin raya birnin Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ke ɗauke da sunan Baturen masanin tsara birane B. A. W. Trevallion, aikin ƙwararru ne da aka rubuta da Turanci, alhali mafi yawan waɗanda aka tsara dominsu ba su karanta shi ba. Ko sunan Tal'udu, inda dokar 2022 ta fara, shaida ce ta wancan zamani: daga sunan kamfanin gine-gine na Ingila, Taylor Woodrow, bakin Bahaushe ya sarrafa shi. Kamfani ya yi aikinsa ya tafi, jama'a suka gaji hanya da suna.

4.0 Sufurin da Jama'a Suka Tsara wa Kansu

Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, birnin ya faɗaɗa ta kowace fuska. An buɗe rukunin masana'antu a Sharaɗa da Challawa, Jami'ar Bayero ta samu cikakken matsayi a 1977 ta kuma gina sabon mazauni a kan titin Gwarzo, unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Hotoro suka cika suka batse. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewaye, wato Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, suna da mutum kimanin miliyan 2.8.

Gwamnati ba ta samar da sufurin cikin gari da ya yi daidai da wannan girma ba, sai 'yan kasuwa suka cike giɓin. Motocin hayis da tasi suka kafa layukansu daga Bata da 'Yankura zuwa unguwanni. Direba da kwandasta da ɗan kamasho su ne suka tsayar da inda ake lodi, da inda ake sauka, da nawa ake biya, ƙarƙashin ƙungiyar direbobi ta NURTW. Babu taswira a rubuce, amma kowane fasinja ya haddace ta daga kiran kwandasta.

Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira. Sabuwar mota da kayan gyara suka fi ƙarfin masu haya, masana'antu suka rage ma'aikata. Shirin sufurin jama'a da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1988 bai wadatar ba. A cikin wannan hali ne acaɓa ta yaɗu. Babu hukumar da ta tsara ta, kuma babu dokar da ta kira ta. Matashi marar aiki ya haɗu da fasinja mai sauri, babur kuma yana shiga lungun da mota ba ta shiga. Acaɓa ta zo da illolinta, haɗurra da hayaƙi da karya dokar hanya, amma ta amsa tambayar da jama'a ke yi kullum: yaya mutum zai tashi daga ƙofar gidansa ya isa inda za shi da kuɗi kaɗan? Duk wani tsari da ya zo daga baya, da wannan ma'auni jama'a suka auna shi.

5.0 Shekarar 2005: Haihuwar Adaidaita Sahu

An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000. Bayan hawan Malam Ibrahim Shekarau mulki a 2003, an kafa Hukumar Hisbah da doka, sannan a 2004 aka ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. An aro sunan ne daga kalaman liman kafin ya tayar da salla, lokacin da yake umurtar mamu su miƙe sahu. A 2005 gwamnati ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kuma nemi raba maza da mata a motocin haya. Domin samar wa mata mafita, ta sayo ɗaruruwan babura masu ƙafa uku, masu rufi da labule, aka rubuta sunan shirin a jikinsu. Irin wannan babur ya riga ya shigo Legas a zamanin Buba Marwa, ya kuma yaɗu ta hannun shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001, abin da ya sa ake kiransa Keke Napep a wasu garuruwa. A Kano kuwa sunan shirin Shekarau ne ya bi shi, har matuƙinsa ya zama ɗan sahu.

Da aka fara tilasta dokar a ƙarshen 2005, an yi arangama tsakanin 'yan acaɓa da 'yan Hisbah. Baburan da aka sayo ba su kai yawan matan da ke fita asibiti da makaranta da kasuwa da gidan biki ba, saboda haka mata da yawa suka ci gaba da hawan acaɓa, dokar kuma ta yi ta sanyi. An yi dokar ne da sunan kare martabar mata, amma lissafin yawan tafiye-tafiyensu bai yi daidai da abin da aka tanada ba.

Duk da haka, baburin da kansa ya karɓu. Yana da inuwa, yana ɗaukar uwa da 'ya'yanta da kayanta, kuma haɗarinsa bai kai na acaɓa ba. 'Yan kasuwa suka fara shigo da shi daga Indiya, suna ba matasa haya ko biya a hankali, maza ma suka shiga hawa. Wato jama'a sun tace shirin gwamnati: sun riƙe abin da ya dace da buƙatarsu, sun yar da abin da bai dace ba.

6.0 Shekarar 2013: Ƙarshen Acaɓa

Ranar 20 ga Janairu, 2012, mayaƙan Boko Haram sun kai hare-hare a Kano da suka halaka mutum fiye da 150. Daga nan aka yi ta samun harbe-harbe daga mahaya babura. Ranar 19 ga Janairu, 2013, aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a kusa da Masallacin Murtala. Sarki ya tsira, amma direbansa da wasu dogarai sun rasa rayukansu. Cikin kwana 3 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta ɗaukar fasinja a babur mai ƙafa biyu a cikin birnin.

Wannan ita ce doka mafi girma a tarihin sufurin Kano, kuma ta zauna daram, saɓanin ta 2005 da ta 2022. Dalilai 2 ne suka tsayar da ita. Na farko, jama'a sun ga haɗarin da idonsu, sun kuma yarda da hujjar. Na biyu, akwai magaji a ƙasa, domin Adaidaita Sahu ta riga ta shekara 7 tana yawo a titunan Kano. Wannan bai hana a ji jiki ba. Dubban 'yan acaɓa sun rasa sana'a dare ɗaya. Masu hali suka koma tuƙin sahu, wasu suka koma ƙauyuka da maƙwabtan jihohi. Cikin 'yan shekaru baburan masu ruwan ɗorawa suka mamaye gari, motocin hayis da tasi suka ja baya. Birni mai miliyoyin mutane ya wayi gari ya dogara kacokan ga abin hawa mai cin fasinja 3 ko 4, ba tare da wani ya zauna ya tsara hakan ba.

7.0 Gadoji da Jirgin Cikin Gari

Daga 2011 zuwa 2023 gwamnatocin Kano sun mayar da hankali ga manyan gine-gine. A wa'adin Kwankwaso na biyu aka kafa KAROTA, aka gina gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga. Ganduje ya kammala doguwar gadar titin Murtala Muhammad a Sabon Gari, ya gina na Dangi da Hotoro. Waɗannan ayyuka sun sassauta cunkoso a mahaɗun da aka yi su. Sai dai gada tana sauƙaƙa tafiyar abin hawa ne, ba ta ƙara wa marar mota kujera ko ɗaya, kuma sau da yawa takan tsawaita wa mai tafiya a ƙafa hanyar tsallaka titi.

A 2016 gwamnati ta sanar da yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Sin domin shimfiɗa layukan jirgin ƙasa na cikin gari, a kan kuɗi dala biliyan 1.85. Da maganar ciyo bashin aikin ta taso a 2020, wasu dattawan jihar ƙarƙashin jagorancin marigayi Alhaji Bashir Tofa suka fito fili suka ƙalubalance ta, suna tambayar yadda za a biya bashin da kuma ko aikin ne ya fi gaggawa. Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a shimfiɗa layin ba. Muhawarar da ya kamata a yi kafin sa hannu, sai aka yi ta shekara 4 bayansa, a shafukan jaridu da gidajen rediyo.

8.0 Yajin Aiki da Darasin Titin Gwarzo

Ranar Litinin, 22 ga Fabrairu, 2021, 'yan sahu suka ajiye baburansu saboda harajin naira 100 na kullum da kuma hanyar biyansa ta intanet, wadda ta yi wa da yawansu wahala. Gari ya tsaya cik, mutane suka yi ta takawa a ƙafa, wasu suka hau a-kori-kura. Ranar Litinin, 10 ga Janairu, 2022, aka sake shiga wani yajin, wannan karon saboda naira 8,000 na sabunta lambar izini. Bayan kwana 3 aka zauna teburin sulhu, aka rage kuɗin. A duka lokutan biyu an cimma matsaya cikin 'yan kwanaki da fara tattaunawa, abin da ke nuna cewa ba a rasa hanyar daidaitawa ba tun farko. A watan Yuli na wannan shekara kuma aka hana baburan aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro.

A kan wannan shimfiɗa dokar Nuwamba ta sauka. Damuwar gwamnati tana da tushe. Babura 15 ne za su ɗauki abin da babbar bas guda za ta ɗauka, suna tsayawa inda suka ga dama, kuma ɓata-gari sun yi amfani da wasunsu wajen ƙwacen waya. Babu babban birnin da zai ɗore a haka. Kuskuren yana cikin sanin hanyar ne. Titin da ya tashi daga Tal'udu ya ratsa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kabuga da Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza. Titin Haɗeja kuma ya ratsa kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba da masana'antun Tokarawa. Mafi yawan masu bin waɗannan hanyoyi ba daga farko zuwa ƙarshe suke tafiya ba. Sukan fito daga lungu, su bi babban titi na ɗan lokaci, su sake shiga wani lungun. Idan aka hana babur taɓa babban titi, tafiya ɗaya ta zama uku, kuɗin mota ma haka. Mai sayen kwandon tumatir a 'Yankaba ba ta da wurin ajiye shi a bas. Marar lafiya ba zai iya jira a rana ba, ga shi ba a gina rumfunan jira masu isa ba. Ɗan sahu kuwa yana da balas da zai kai wa mai babur kowace rana, kuma a babban titi yake haɗa shi.

Duk waɗannan abubuwa sanannu ne ga kowace ɗaliba da kowane ɗan kasuwa da ke bin hanyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tazarar da ke tsakanin sanarwa da fara aiki da dokar ba ta kai mako guda ba, ga zaɓen 2023 ya ƙarato. Da koke ya cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, sai aka janye. Asarar ba ta tsaya ga wahalar wuni guda ba. Tunani mai kyau, wato sanya manyan motoci a manyan hanyoyi, ya samu baƙin jini a idon jama'a saboda yadda aka gabatar da shi.

9.0 Yadda Wasu Birane Suka Yi

Matsalar sauya ƙananan motocin haya da manya a kan babbar hanya ba ta Kano kaɗai ba ce. A Legas, hukumar LAMATA ta buɗe layin bas mai keɓaɓɓiyar hanya, wanda ake kira BRT, ranar 17 ga Maris, 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, tsawon kilomita 22. Kafin buɗewa an daɗe ana zama da ƙungiyar NURTW, wadda mambobinta ke cin abinci a wannan hanya. Aka taimaka mata ta kafa ƙungiyar gama-kai, ta karɓi rancen banki ta sayi motoci, ta zama ita ce mai gudanar da layin. Ba a kori ƙananan motoci daga hanyar ba, an dai hana su shiga sashen da aka keɓe. An kuma yi ta wayar da kan fasinjoji a kan sayen tikiti da bin layi. Daga baya ingancin aikin ƙungiyar ya ja baya, har aka miƙa layin ga wani kamfani a 2015, kuma Legas ɗin ma ta sha hana acaɓa da sanarwa kawai. Amma layin ya rayu, domin waɗanda za su iya kashe shi a ranar farko suna da rabo a cikinsa.

A Johannesburg ta Afirka ta Kudu, layin Rea Vaya ya fara aiki a Agustan 2009 cikin adawa mai zafi daga masu ƙananan motocin haya, har da harbin bas. Tattaunawa ta ɗauki lokaci mai tsawo. A ƙarshe masu motoci fiye da 300 suka miƙa motocinsu, suka karɓi hannun jari a kamfanin da ya karɓi gudanar da layin a 2011. A biranen biyu, shawara ta ci lokaci da kuɗi, ba ta kuma magance komai da komai ba. Abin da ta yi shi ne mayar da mai adawa abokin tarayya, da fito da matsaloli tun suna kan takarda.

10.0 Kammalawa

Kano ba ta rasa kayan aikin shawara ba. Dokar tsara birane da yankuna ta Nijeriya ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari ga jama'a, a kuma karɓi ƙorafinsu kafin amincewa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da tashoshin mota a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi kusa da talaka. Masu unguwanni da dagatai suna nan. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda suka daɗe suna yashe kwatoci da cike ramukan tituna, suna nan. Akwai ƙungiyoyin 'yan sahu da na direbobi da na 'yan kasuwa da na ɗalibai da na masu buƙata ta musamman. Tun buɗe gidan rediyon Freedom a 2003, shirye-shirye irin su Inda Ranka sun saba wa Kanawa faɗin damuwarsu a fili. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kiran waɗannan muryoyi a kan lokaci, wato sa'ad da ake zana hanya, ana zaɓen matsaya, ana yanke kuɗin mota, ana lissafin makomar matuƙan da za a ture.

Idan aka jera shekarun nan, 2005 da 2013 da 2021 da 2022, za a ga ƙa'ida guda. Dokar sufuri takan zauna ne idan jama'a sun gamsu da hujjarta kuma sun ga magaji a ƙasa. Idan ɗaya ya ɓace, sukan warware ta da ƙafafunsu. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na abin da iyali ke kashewa, kuma buƙatar manyan motoci masu rahusa a titin Gwarzo da na Haɗeja da na Zariya da na Katsina ta fi ta 2022 tsanani. Duk gwamnatin da ta sake ɗauko wannan aiki za ta tarar da fasinjoji da matuƙan nan dai a bakin titi, kuma za ta ji ta bakinsu ko ta so ko ba ta so ba. Zaɓin da ke hannunta shi ne lokacin ji: a zauren shawara kafin motoci su fito, ko a ranar yajin aiki bayan sun fito.